Tambaya da Amsa: Me ya sa teloli ke barin shagona bayan Sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a unguwar Zariya, nan Maradi, da teloli shida da yara biyu masu koyo. Ina biyan kowa haƙƙinsa, har da kuɗin abincin rana, amma duk bayan Sallah sai ƙwararru biyu ko uku sun tafi, wani Katsina, wani ya buɗe nasa. Ina matsalar take? Daga wani mai shago.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka ƙara wa kowa ko dala, duba ranar biya. Tela ya fi jure wa kuɗi kaɗan da ya san ranar zuwansu a kan masu yawa da sai ya bi ka yana sosa ƙeya. Tsai da rana guda, misali Alhamis da la'asar don cefanen Juma'a, kada ta motsa ko masu kaya ba su biya ka ba. Bashin da ke waje naka ne, ba nasa ba.

Sai farashin aiki. Riga da wando, babbar riga, aikin wuya, gyara, kowanne a rubuta kuɗinsa a littafin da kowa ke iya buɗawa. Inda ake ɓata lamari shi ne rabo: shadda mai tsoka ta tafi wurin ƙanen maigida, sauran a bar su da wando da gyara. Ba za su yi magana ba, amma suna lissafi. A riƙa rabawa bi da bi, sai dai aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya.

Amma muna zargin azumi ne ke korar maka mutane. Masu shago kan karɓi kaya fiye da ƙarfin kekunansu, teloli su kwana uku a shago, ga ɗauke kuran, sannan su sha zagin mai kayan da aka saɓa wa alkawari. Yi lissafi tun watan Sha'aban: in tela na gama kaya biyu a yini, shida a kwana 25 za su gama 300. Ka rage 30 saboda rashin wuta da ciwo, in an kai 270 ka rufe littafi, ko surukinka ne ya zo. Aikin dare kuma da ladansa daban, a biya kafin idi.

In an ɓata yadi, fara gano inda kuskuren ya fito, awo ne ko yanka ko ɗinki, domin sau da yawa mai keke ke ɗaukar laifin mai almakashi. Faɗa kuwa a bayan shago ake yin sa. Magidancin da aka tsawata wa gaban mai kaya ya riga ya fara neman wani wuri. Da damina ka tsara wa masu gona kwanakin shuka da noman farko, su tafi ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya shekara biyar yana ɗinki ba zai dawwama yaron shago ba. Ko ka damƙa masa yanka da kula da masu koyo tare da kaso a riba, ko ka sallame shi da albarka, ka riƙa tura masa aikin da ya yi maka yawa.

Tambaya: Shekarata biyu ina tsaron wani kanti kusa da babbar kasuwa, albashina jika 30, babu takarda, babu hutu. Ina da wani haƙƙi? Daga wata ƴar'uwa.

Amsa: Kina da shi, ƴar'uwa. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsai da awa 40 a mako, abin da ya haura ƙarin aiki ne mai ƙarin lada, kuma kina tara hutun kwana biyu da rabi duk wata. Mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 tun Janairun 2024. Wajibi ne kuma maigidanki ya yi miki rajista a CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, inda fansho da kuɗin hatsarin aiki ke fitowa. Rashin takarda bai soke komai ba, amma ki fara rubuta ranar da aka biya ki da adadin. Ki yi masa magana cikin ladabi a gaban dattijon da yake jin nauyi. In ya ƙi, ofishin sufetan ƙwadago na jihar Maradi kan kira ɓangarori biyu a yi sulhu kafin a je kotu.