Shafi ɗaya, adireshi barkatai: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da dabino da turare a Madina, ɗana ya buɗe mini shafin intanet don alhazai su riƙa yin oda. Adireshin wani lokaci da www yake zuwa, wani lokaci babu. In na tura a WhatsApp kuma sai ya zama dogon rubutu cike da alamar %. Wata mai sayen ajwa daga Kano ta ce tsoron dannawa take yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki kwantar da hankalinki, ba kutse aka yi miki ba. Ƙa'idar rubuta adireshin intanet, RFC 3986 ta shekarar 2005, haruffan boko marasa ƙugiya da lambobi da 'yan alamomi kaɗan kawai ta amince da su. Shi ya sa in an rubuta sunan shafi da Larabci, ake mayar da kowane harafi lambobi masu alamar %. Kalmar تمر, haruffa 3 ne kacal, amma a adireshi %D8%AA%D9%85%D8%B1 take komawa, alamomi 18. Baiwar Allahn nan ta Kano tana da gaskiya. Ni ma da na gani sai na yi jim. Ki sa ɗanki ya sake wa shafukan suna da ƙananan haruffan boko, kamar /dabino-ajwa, ba tare da tazara ba, domin tazara %20 take zama.

Batun www ya fi damuna. A idon Google, mai www da marar www, da mai http da mai https, tamkar ƙofofi daban-daban ne, sai martabar shafinki a sakamakon bincike ta rarrabu a tsakaninsu. Ku zaɓi guda, mai https, sauran duka a juya su zuwa gare shi da turawar dindindin mai lamba 301. Sannan ɗanki ya saka alamar rel="canonical" a kowane shafi, wadda Google da Yahoo da Microsoft suka fito da ita a 2009, don ta nuna adireshi na asali.

Ki kula, ɓangaren farko na adireshin, wanda ke zuwa kafin alamar /, bai damu da babban harafi ko ƙarami ba, amma abin da ya biyo bayan alamar / yakan damu: /Dabino da /dabino na iya zama wurare biyu.

In kuwa kika ga wata jela a ƙarshen adireshin mai farawa da ?fbclid, Facebook ne ke liƙa ta don bin sawu. Goge ta kafin ki tura, shafin zai buɗe lafiya lau.