Amsa ga ƙanwata ta Tawa a kan takardar baftisma

Ƙanwata ma'aikaciyar asibiti da aka kai Tawa, jiya da dare na karanta tambayarki har sau uku, barci bai ɗauke ni ba sai gab da asuba. Kin ce a nan Yamai aka yi miki baftisma ta Katolika kina jaririya, yanzu aure ya taso a Tawa, mompe, wato limamin majami'a, ya ce tsohon katinki na baftisma bai isa ba sai kin kawo sabuwar takarda daga parwas ɗin, wato majami'ar, da aka yi miki, ga shi kin ji an ce takardunsu sun ƙone a 2015. Kika ce shin ba eklesiya ɗaya ba ce, me ya hana shi ya tambayo miki da kansa? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na sha wannan wahala kafin ke, sai dai tawa a juye take: a ƙasar Tawa aka yi mini baftisma, a Yamai na yi aure.

Eklesiya ɗaya ce, amma gida biyu ne. Tun 2001 aka raba ƙasar biyu a tsarin eklesiya. Yamai da Dosso da Tilaberi suna hannun Monsenyer, wato bishop, na Yamai, Tawa kuwa da Agadas da Damagaram da Diffa duk Maraɗi suke bi. In kin taso daga nan a mota, har Dogon Dutsi kina cikin ƙasar Yamai, kafin ki isa Birnin Ƙonni kin shiga ta Maraɗi. Mompe na Tawa ba shi da littafin da aka rubuta baftismarki a ciki, ba shi da iko a kansa. Kada ki ji haushinsa, gaskiya ya gaya miki. Abin da yake nema shi ne gefen sunanki a cikin babban littafi, nan ake rubuta konfirmasiyon, wato tabbatar da bangaskiya bayan baftisma, nan ake rubuta aure in an taɓa yi. Katin da ke hannunki ba ya nuna wannan.

Ni a ƙarshen 2014 na kai katina ofishin parwas ɗinmu domin a buɗe mana takardun aure. Shi kaɗai gare ni, mahaifiyata ta ajiye shi cikin leda a ƙasan akwati tun ina goye. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka fara ƙona majami'u a Damagaram, Asabar 17 ta iso mu. Kowa a nan ya san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba, 'yan sanda da bakinsu suka ce majami'u 45 aka ƙona. Da muka koma ranar Litinin ofishin ya zama toka, har ƙarfen kabad ɗin ya lanƙwashe. Na tsuguna ina tona tokar da hannu kamar zan ga katin. Wata maƙwabciyar majami'ar, musulma, tsohuwa, ita ta ɗaga ni ta ba ni ruwa tana kuka fiye da ni.

Amma ki yarda da ni, ba wutar ce ta fi ƙona ni ba.

Bayan hankali ya ɗan kwanta na shiga mota, fiye da kilomita 500, na tafi neman sabuwar takarda. Ba zan faɗi ofishin ba, ba zan faɗi garin ba. A ƙauye aka yi mini baftisma, lokacin da mompe yake zuwa a kan babur can ba a rasa ba, ya rubuta sunaye a ɗan kayensa, in ya koma misiyon ya kwafe. Na tarar da wani mutum a teburin sakatare, mutane huɗu ko biyar suna zaune a benci suna jira. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Faransanci ba tare da ya ɗago ba. Na faɗi sunana. Sunana na gida ne, irin wanda kowace Bahausa take da shi, da shi aka san ni. Sai ya ajiye biro, ya dube ni daga kallabi har takalmi, ya ce wai na tabbata nan nake nufi? Wai ko saurayina ne Kirista nake so in samo takarda ta bayan gida? A gaban mutane, ƙanwata. Ɗaya daga cikin na bencin har ya yi dariya. Ya buɗe littafi ɗaya, ya juya shafi biyu ko uku, ya rufe, ya ce babu.

Na ce masa ya duba shekarar da ke gaba ko ta baya. Ya ce ba shi da lokacin mutanen da ba su ma san ranar baftismarsu ba. Jaririyar wata uku za ta san rana? Na tsaya a wurin ƙafafuna suna rawa. Ni da kakana ya rasa gonar gado saboda ya karɓi baftisma. Ni da a lakwal yara suke ƙin shan ruwa da moɗar da na sha. A waje ana ce mana mun bi addinin baƙi, na shigo gidan Ubana kuma ana tambayata ko na yi ɓatan hanya. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, alhali iyayena duka suna da rai. Na fita na zauna a gindin bedi bayan majami'a, ko addu'a na kasa. Har yau in na ji an ce eklesiyar Nijar ta mutanen Benin da Togo da Burkina ce, fuskar mutumin nan nake gani. Ba na ƙin 'yan'uwanmu na gaɓar teku, su suka riƙe kwaya ta waƙa da koyar da addini shekara da shekaru, su suka cika benci lokacin da ba mu kai a ƙirga ba. Amma mu ma muna nan. Ranar da aka ba ɗan ƙasa, Monsenyer Laurent Lompo, kujerar Yamai, ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, mahaifina ya ce yanzu ko ya mutu ya huta. Shi Bagurme ne daga wajen Makalondi, ba Bahaushe ba, amma namu ne.

Na yafe wa mutumin, na faɗa a wurin ikirari, inda ake furta zunubi gaban mompe, fiye da sau ɗaya. Mantawa ce ban iya ba.

To ki saurare ni. Zuwa da kai ya fi aike. In aiki ya hana ki, ki tura uwar baftismarki ko mahaifiyarki, kada ki dogara da waya. Kuma ki nemi ganin mompe kure, babban mompe na parwas ɗin, da kansa, kada ki tsaya a bakin wanda ke tsaron ƙofa. Ni abin da ya cece ni ke nan. Wani tsohon katekis, malamin koyar da addini, ya gan ni a gindin bedin nan, ya tambaye ni ɗiyar wace ce. Da na faɗi sunan babana sai ya riƙe baki, ya ce shi ya riƙe fitila ranar da aka yi mini. Ya ja ni har wurin mompe. Ashe sunana yana ciki, da sunan waliyyiya aka rubuta ni, sunan babana kuma mompe Bature ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Minti goma bai cika ba aka samu. Shi ya sa nake ce miki ki rubuta a takarda duk sunayen da aka taɓa kiran ki da su, sunan uwa da uba, na uwar baftisma, shekara, da sunan mompe in ana tunawa.

In kuma da gaske littafin ya ƙone, kada ki yarda wani ya ce miki sai an sake miki baftisma. Ba a yin ta sau biyu. Dokar eklesiya ta yarda da shaidar mutum ɗaya amintacce wanda ya ga an yi, balle ke da kike da tsohon kati a hannu. Ki riƙe katin nan da kyau, ki ɗauki hotonsa yau ɗin nan, kada ki bar wa kowa na ainihin ko da mompe ne, kwafi za ki ba da. Ki kuma sa a tambaya a gidan Monsenyer ko suna da wani kwafin littafin, ba a rasa abin da za su ce miki.

Kada ki yi gaggawar karɓo sabuwar takardar, yawanci wadda ba ta wuce wata shida ba suke so. Kada kuma ku buga katin biki ko ku sayi anko kafin takardu su kammala. Mu mun yi wannan kuskure, aka ɗaga bikin, dangin mijina suka fara cewa ko akwai abin da nake ɓoyewa. Uwar mijina ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Akwai sanarwa a majami'a, akwai auren meri, wato na hukuma, duk suna cin lokaci. Ba ki faɗi ko wanda za ki aura Katolika ba ne. In musulmi ne ko ɗan wata majami'a, sai an nemi izini, kuma tunda a Tawa za a ɗaura, Maraɗi za a rubuta wa, ba Yamai ba. Ki gaya wa mompe tun yanzu, kada ki ɓoye.

Wani abu kuma, ko da ba ki tambaya ba. Na san zaman Tawa ga Kirista ɗiya mace ita kaɗai. Kada ki zama mai zuwa mes, wato sujada, ranar Lahadi ki fice. Ki shiga ƙungiyar unguwa, ki san matan zumunta, ko mutum goma ne. Ranar da takarda ta gaza, mutum ne zai tsaya ya ce na san ta. Kuma ki dinga fita da mayafinki yadda kowa yake yi, ki gaida maƙwabta, ki kai musu abincin Nowel.

Ranar Talata ba ni da aiki da safe. Ki turo mini sunan parwas ɗin da shekarar ta saƙon sirri, kada ki sa a nan. Zan je da ƙafata, kuma ba zan tashi daga bencin ba sai an buɗe littafin a gabana.