Mayar da wa'azin coci rubutu ta hanyar manhaja

Tambaya: Malam, ni nake kula da shafin intanet na cocinmu. Muna ɗaukar wa'azin kowace Lahadi da waya, kuma fasto yana so a riƙa wallafa shi a rubuce. Akwai manhajar da za ta yi mana wannan aikin?

Amsa: Akwai, amma ku fara gyara yadda kuke ɗaukar sautin, domin a nan ne aikin yake yawan lalacewa. Wayar da aka ajiye a kan benci tana kwaso amsa-kuwwar ɗaki da kukan yara da "Amin" ɗin jama'a, manhaja kuwa sai ta cuɗa su da muryar mai wa'azi. Ku jona wayar kai tsaye da na'urar haɗa sauti wadda makirufon fasto yake shiga, sannan ku yanke waƙoƙi da sanarwa ta amfani da Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce.

Idan da Turanci ake wa'azin, manhajojin Otter.ai da Descript suna aiki sosai wajen mayar da magana rubutu. Hausa ce ke da wahala. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, tana da Hausa cikin harsunanta, sai dai kurakuranta a Hausa sun fi na Turanci yawa nesa ba kusa ba, musamman idan fasto yana surka harsunan biyu a jimla ɗaya. MMS ta kamfanin Meta, wadda ta fito a 2023, tana rubuta magana a harsuna fiye da 1,100, kuma da karatun Sabon Alkawari aka horar da ita, amma saita ta sai wanda ya ƙware a kwamfuta.

Ko wacce kuka zaɓa, ɗanyen rubutu za ta ba ku. Mai wa'azi yakan maimaita magana don ta shiga zuciya, mai karatu kuwa maimaicin gundurarsa yake yi. ChatGPT na iya rage shi ya kuma tsara sakin layi, amma a nan nake jan kunnenku: yakan sauya lambar aya, ko ya ƙara jimlar da fasto bai faɗa ba, kuma ya rubuta ta da daɗin karantawa yadda ba za a yi saurin ganewa ba. Don haka a gwada kowace aya da Littafi Mai Tsarki, a cire sunayen waɗanda suka nemi addu'a kan rashin lafiya ko matsalar gida, sannan fasto ya karanta ya amince kafin a wallafa da sunansa.