Amsa ga 'yata kan matsin amarya da ciwon sanyi

'Yata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce saura wata biyu bikinki, mai gyaran jiki ta kawo miki ƙullin matsi, ta ce shi zai tsayar da farin ruwan da ke damunki, kuma wai haka iyaye suka yi. Kina tambaya ko ki yi, tunda ke da angon kun yi gwajin jini an ce lafiya lau. Zan ba ki amsa a matsayina na ƙanwar mahaifinki, wadda kuma ta daɗe tana karɓar haihuwa a asibiti.

Gyaran amarya al'adarmu ce, ina son ta. Ki yi dilka da halawa, ki sha lalle, ki yi turare, ki sha kunun aya da dabino. Amma cusa abu a gaba, alif ne ko garin saiwa ko wani haɗi da ba ki san abin da ke ciki ba, wannan ki ajiye shi. A gidanmu, lokacin da aka aurar da mu, abin bai wuce tsarki da ruwan ɗumi ba.

Fatar wurin nan laushinta kamar na cikin baki ne. Allah Ya sanya wasu ƙwayoyi masu amfani da ke riƙe ɗan tsamin wurin, su ne masu gadi. Matsi yana busar da fatar har ta tsattsage, ya kashe masu gadin, ciwon da ake son korewa ya samu wurin zama.

Nan ne maganar ƙanjamau ta shigo. Ƙwayar HIV fararen ƙwayoyin jini take nema, wato sojojin jiki. Duk inda aka samu kumburi ko gyambo, jiki yakan turo sojojin nan su taru. To idan ciwon a gaba yake, an tara mata abin da take so a bakin ƙofa ke nan, ƙofar kuma a buɗe. Shi ya sa mai ƙurajen nan na gaba masu ruwa, masu fashewa su warke su dawo, haɗarin kamuwarsa ya kai kusan ninki uku. Wanda kuma yake ɗauke da ƙwayar bai sani ba, ciwon sanyi yana ƙara yawanta a ruwan jikinsa. A Malawi, a wani bincike da aka wallafa a 1997, an auna maniyyin maza masu HIV, aka tarar na masu ciwon mafitsara da fitar mugunya ya ninka na sauran sau 8 wajen yawan ƙwayar. Da aka yi musu maganin sanyin, cikin mako biyu ta ragu sosai. A Mwanza ta Tanzaniya kuwa, a binciken da aka wallafa a 1995, kyautata maganin cututtukan saduwa a ƙananan asibitocin ƙauye ya rage sabbin masu kamuwa da HIV da kusan kashi 40 cikin 100.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda muke kiran komai sanyi. Mai fitar mugunya sanyi, tunjere sanyi, ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa mai ƙarni sanyi. Alhali kowanne da maganinsa, wasu ma ba ta saduwa ake samunsu ba, budurwa ma tana yi. Don haka kada kunya ta hana ki magana. Ba na manta wata mai ciki da ta zo awo, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta fito da ledar kafso kala uku da ta sayo a kemis, tana shan biyu yau, gobe ta bari. Sau uku muna yi mata magani yana dawowa. Sai da maigidan ya yarda ya zo, aka haɗa da abokiyar zamanta aka yi musu gaba ɗaya, sannan ta huta. A gidan da ake rabon kwana, ciwon mutum ɗaya na kowa ne.

Gwajin da kuka yi na yaba. Tun 2024 doka ce a Kano, ba a ɗaura aure sai an duba HIV da ciwon hanta da jinsin jini saboda sikila. Sai dai takardar tana faɗin halin da jini yake ciki ne a lokacin, kuma wanda ya kamu da HIV kwanan nan gwajin kan iya kasa ganinta. Ku sake yi kafin ɗaurin aure, ku kuma riƙa yi a kowane ciki. In ma wata rana aka samu wani da ita, wanda yake shan maganinsa kullum har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa.

Farin ruwa kaɗan, mara wari, mara ƙaiƙayi, ɗabi'ar mace ce, ba ya bukatar komai. Naki kin ce yana ƙaiƙayi, don haka sai an duba. Kada ki sha komai, kada ki sa komai kafin nan, don kada ya ɓata gwajin. Ranar Litinin da safe zan biyo in ɗauke ki mu je tare. Ƙullin matsin ki zo min da shi, ni zan yi wa mahaifiyarki da mai gyaran jikin bayani.

Goggonki