Amsa: Naira ɗari ta tunawa da cikar Najeriya shekara ɗari, ko tana da daraja?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko takardar naira ɗari ta tunawa da ka ajiye za ta yi tsada nan gaba.

Babban Bankin Najeriya ya fitar da ita a ƙarshen shekarar 2014, domin cikar shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu a 1914. Hoton Obafemi Awolowo na nan a gabanta kamar a tsohuwar, amma a bayanta an sa masu rawar gargajiya a madadin Dutsen Zuma, aka kuma ƙara lambar QR da wayar hannu ke karantawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cire rubutun Ajami da aka yi, aka rubuta "Naira Dari" da boko, lamarin da ya jawo muhawara mai zafi a Arewa.

Game da daraja kuwa, an buga ta da yawan gaske kuma ta shiga hannun jama'a, saboda haka wadda ta sha yawo a kasuwa ba ta wuce naira ɗarinta ba. Masu sha'awar tara takardun kuɗi na tarihi suna neman wadda ba a taɓa naɗewa ba, ko mai lambar serial (lambar da ake buga wa kowace takarda) ƙarama ko mai maimaita kanta.

Idan taka sabuwa ce fil, kada ka yi mata laminatin ko guga; ka sa ta cikin leda ta musamman marar PVC (wani nau'in roba), nesa da danshin damina da hasken rana.