Yadda Bamuda Ta Samu Gurbi a Gasar Olimfik

Ɗan'uwa daga Marwa, ka tambaya yadda tsibirin Bamuda, wanda har yau yake ƙarƙashin Birtaniya, yake shiga gasar Olimfik da tutarsa. Dalilin yana cikin tarihi. Bamuda ta fara halarta a birnin Balin a 1936, tun kafin Kwamitin Olimfik na Duniya ya tsaurara dokarsa a 1996, inda ya ce daga nan ƙasashe masu 'yanci kaɗai za a karɓa. Waɗanda suka riga suka shiga an bar musu gurabensu, amma Jibiralta, wadda ita ma yanki ne da yake ƙarƙashin Birtaniya, ba ta samu shiga kafin lokacin ba, shi ya sa take waje, alhali tana buga ƙwallon ƙafa a ƙarƙashin FIFA.

Mutanen tsibirin ba su kai dubu 70 ba, wato ko kusa da yawan jama'ar Garwa ba su yi ba, amma Clarence Hill ya ciyo musu tagulla a dambe a 1976, sannan Flora Duffy ta kawo zinariya daga Tokiyo a 2021, a gasar da ta haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu. A ganina abin jinjinawa ne, musamman idan aka tuna cewa maƙwabciyarmu Cadi tana halarta tun 1964 ba ta samu lamba ba tukuna.