Yarinyar da ke tsoron ƴar tsanar tele: aljani ne ya shige ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malama ce a wani jardin, wato makarantar ƙananan yara, a Tawa. Sau ɗaya a mako muna kunna wa yara shirin ƴan tsana na Sesame da muka sauko da shi daga intanet. Uwaye mata sun daɗe suna gardama a kan wacce ce aka fi ƙi: wasu sun ce jan nan Elmo saboda muryarsa, wasu sun ce koren da ke zaune cikin kwandon shara, wasu kuma Kami don an ce tana da sida, wato ƙanjamau. Abin da ya hana ni barci shi ne wata yarinya ƴar shekara uku da rabi. Da ta ga shuɗin nan mai cin biskit sai ta ƙwalla ihu ta maƙale mini, ana cewa kuma da dare tana firgita. Kakarta ta ce aljanin tele ne ya shige ta, har an kai ta an yi mata hayaƙi. Yanzu iyaye suna so in daina shirin. Ni na jawo mata wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ki jawo mata komai ba. Amma akwai abin da ya tayar mini da nawa hankalin a cikin wasiƙarki, wato hayaƙin nan, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Mu gama da gardamar uwaye tukuna, don ba ta da wuya. Wanda manya suka ƙi daban, wanda yara suka ƙi daban. Elmo shi ne misali mafi sauƙi. A Amurka, inda shirin ya fara a 1969, manya da yawa suna ƙorafin muryarsa mai tsini da yadda yake kiran sunansa maimakon ya ce "ni", wasu kuma suna jin haushin cewa tun da aka ware masa nasa ɓangaren a 1998 ya danne tsofaffin ƴan tsanar da suka tashi da su. Amma an gina shi ne a matsayin ɗan shekara uku da rabi, kuma ƴan wannan shekarun suna ganin kansu a jikinsa. Ke ma kin ga yadda ajinki ke yin tsit in ya fito. Haka Barney na wani shirin yara daban, wanda mutum ne cikin rigar dabba mai ruwan malmo, ya sha zagi a bakin manya tun shekarun 1990 alhali yara suna rububinsa. Shi kuwa Oscar na kwandon shara, da gangan aka yi shi mai baƙin rai, don yaro ya koyi cewa ana zama da mutum mai wuyar hali.

Ba na cewa masu shirin ba sa kuskure. Suna yi, kuma suna gyarawa idan hujja ta bayyana. Akwai wani da ake kira Don Music, mai buga kansa a kan fiyano in waƙa ta ƙi masa. Da aka ga yara suna kwaikwayonsa a gida sai aka janye shi. Wannan dalili ne na cire ƴar tsana: an ga cutarwa da ido.

Batun Kami kuwa ya yi mini zafi. A 2002 aka fito da ita a shirin Afirka ta Kudu, marainiya ƴar shekara biyar da ke ɗauke da ƙwayar cutar, daga baya ta shigo shirin Nijeriya na Sesame Square a 2011 tare da Zobi mai son doya. An yi ta ne don yaro ya san cewa ba a ɗaukar sida ta wasa, ko runguma, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Ɗan shekara huɗu bai san ƙyamarta ba sai ya ji a bakin uwarsa. Ki tuna kuma, wata rana za a kawo miki yaro mai irin lalurarta, kuma abin da ƴan ajinki suka koya a gida shi za su yi masa.

To, yarinyarmu. Kin san ƴan shekara biyu zuwa biyar da kama suke yanke hukunci, ba da hali ba. Ke kin san hannun mutum ne a ciki, ita kuwa abin da take gani shi ne baki wawakeke, idanu masu juyawa kowanne ta gefensa, murya mai gurnani, da abinci yana tarwatsewa. Ko kakanninmu sun san wannan. Masu ɗiyan dabo da ke ɓuya cikin mayafi suna fito da ƴan tsana a dandali, manya na dariya, na goye na tsala ihu, ba wanda ya ce iska ce. Da tashe ma ai muna ganin yaran da ke shigewa ɗaki in masu shigar dodo sun zo ƙofar gida. Tsoro ne na ƙuruciya, yana wucewa.

Firgitar dare ma iri biyu ce, kuma ya kamata ki tambayi uwar wacce ce. In wajen asuba ne, ta farka sarai, ta nemi uwarta, ta ce ta ga dodo, mugun mafarki ne kawai. In kuwa awa ɗaya zuwa uku bayan ta kwanta ne, ta zabura ido buɗe, tana gumi, tana ihu, ba ta gane kowa, bayan ƴan mintoci ta koma barci, da safe kuma ba ta tuna komai, wannan firgitar barci ce da muka sani ƙwarai a yara. Ita ce ta fi tsorata iyaye, don yaro yana kallonka kamar bai taɓa ganinka ba. Gajiya, ƙarancin barci da zazzaɓi suna ƙara ta. Ba a girgiza yaron, ba a watsa masa ruwa; a zauna kusa, a kare shi daga faɗuwa, a riƙa kwantar da shi da wuri.

Yanzu hayaƙi. Kusan kullum sai na gamu da wannan magana a Yamai, kuma na gaji da ita, wallahi na gaji. Yaro ya firgita, sai a ce aljani. Ya shiɗe, aljani. Ya yi jijjiga, aljani. Da dai tofi ne da addu'a aka tsaya a kai, da ban ce uffan ba, ni ma ina yi wa ƴaƴana addu'a kafin su kwanta. Amma abin da ake yi shi ne a lulluɓe yaro da bargo a kan garwashi, a zuba saiwoyi da ƙaro, wani har da barkono, a danne shi yana shure-shure, a ce aljanin ne ke jin zafi. Yaro ne ke jin zafi! Huhun ƴar shekara uku ba ya ɗaukar wannan. Hayaƙi yana kumbura hanyar numfashi, mai asma kuwa zai iya tafiya a wurin. Na taɓa karɓar yaron da aka kawo da ƙuna a gwiwa da tafin hannu saboda ya faɗa kan kaskon wuta yana neman kuɓuta, kuma uwarsa ta sayar da akuyarta ta biya wanda ya yi masa haka. Har yau in na tuna fuskarta sai raina ya ɓaci.

Ki duba kuma abin da ake koya wa yarinyar. Ta ji tsoro, ta ruga wurin manya, manya suka tabbatar mata cewa lalle akwai wani abu a jikinta, sannan suka azabtar da ita. Gobe in wani abu na gaske ya same ta, wa za ta gaya wa? Masu Sesame kansu sun taɓa yin wannan lissafin. Shekaru da yawa akwai wata ƙatuwar ƴar tsana mai kama da giwa da babban tsuntsun shirin, Big Bird, kaɗai ke gani, manya ba sa yarda da shi. A 1985 suka sa manya suka gan ta, don gudun kada yara su ɗauka cewa ko sun faɗi gaskiya ba za a gaskata su ba, musamman in an ci zarafinsu.

Babban hatsarin kuma shi ne cutar da ake rufewa da sunan aljani. In yaro ya sandare, idanu suka kafe, gaɓoɓi suna karkarwa, ko ya saki fitsari, wannan ba tsoron tele ba ne. Yana iya zama jijjigar zazzaɓi, wadda ke kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Yana iya zama farfaɗiya, wadda ke da magani kuma ba a ɗaukar ta ta yawu. Da damina kuwa, a ƙasar nan, sai an fara tabbatar da cewa ba zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ba ne, shi kuma ba ya jira. Kwana ɗaya da aka ɓata wurin mai magani ya isa a rasa yaro. Wanda ke kuka har numfashinsa ya ɗauke ya shiɗe, sau da yawa a duba shi za a tarar da ƙarancin jini. Duk waɗannan aikin asibiti ne. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa rubutu, in ta wuce minti 5 a ruga da shi.

Akwai wuri ɗaya da allo ke iya tayar da jijjiga da gaske, kuma haske ne mai walƙiya da sauri. A Disamba 1997 a Japan, yara sama da 600 aka kai asibiti bayan wani shirin zane na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi. Dalili ne na ƙwaƙwalwa da aka gano, aka kuma sa wa tashoshi ƙa'ida a kai. Ƴar tsana mai cin biskit ba ta cikin wannan.

Kada ki daina shirin, amma ki taƙaita shi, don hukumar lafiya ta duniya ta ce ƴan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a gaban allo a rana, kuma kin san abin da suke kalla a wayar uwayensu. Yarinyar kada a tilasta mata, kada a bari ƴan aji su yi mata dariya, kada kuma kowa ya ce "in ba ki yi shiru ba zan kira shi". Ki ɗinka ƴar tsana da tsohuwar safa da maɓallai, ki bar ta ta sa hannunta ciki, ita ta motsa bakin. Kakar kuma ki same ta a gida, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Inna, addu'arki muna so, hayaƙin ne muke roƙo a bari. Sannan ki roƙi uwar ta kai yarinyar asibitin unguwa a saurari ƙirjinta a cikin makon nan, kuma in tana tari ko numfashinta na ƙara kamar ana yin fito, yau ɗin nan.